Littattafan Labanon: wanne ya kamata ka fara saya?

Bakano ya san 'yan Labanon tun kafin ya san inda ƙasarsu take, ga Kantin Kwari ga titin Beirut. Amma wanda ya so sanin ƙasar ta hanyar karatu yakan yi kuskure tun a sayen farko: sai ya ɗauko The Prophet na Khalil Gibran, marubuci ɗan asalin Labanon, don sunan ya fi shahara. Littafin na 1923 ne, da Turanci aka rubuta shi a Amurka, nasihohi ne kan aure da aiki da mutuwa, ba zai nuna maka Labanon ba. In Gibran kake so, nemi Al-Ajniha al-Mutakassira na 1912, wanda labarinsa ke faruwa a Beirut. A kasuwar Larabci da sunan Jubran Khalil Jubran za ka same shi.

Tarihi ya kamata a fara da shi, domin ƙasa ce mai ɗariku 18 da hukuma ta amince da su, kowace da irin yadda take ba da labarin baya. Nan zaɓi biyu ne. A House of Many Mansions na Kamal Salibi, 1988, gajere ne, kuma aikinsa shi ne warware yadda Kiristocin Maroni da Duruz (mabiya wani addini na daban a yankin) da Musulmi suka saɓa kan asalin ƙasar. Ba ya bin shekaru ɗaya bayan ɗaya, don haka wanda bai san cewa Faransa ce ta shata iyakokin a 1920, aka samu 'yanci a 1943 ba, zai ɗan sha wuya a farko. A History of Modern Lebanon na Fawwaz Traboulsi yana bin zamani daki-daki, yana mai da hankali kan tattalin arziki da rarrabuwar masu hali da talakawa. Duba shafin bayanan bugu: na 2012 shi ne bugu na biyu, ya fi na 2007. Mai kuɗin littafi ɗaya ya ɗauki Salibi.

Pity the Nation na Robert Fisk shaidar ɗan jarida ce kan yaƙin basasar 1975 zuwa 1990, har da kisan kiyashin da aka yi a unguwar Sabra da sansanin 'yan gudun hijira na Shatila a Beirut a 1982. Kauri gare shi, kuma yana da ɗaga hankali. A karanta shi bayan an samu tushe.

A ƙagaggun labarai, tambayi harshen asali kafin ka biya. Amin Maalouf da Faransanci yake rubutu, saboda haka Le Rocher de Tanios, wanda ya ci kyautar adabin Faransa ta Goncourt a 1993, fassara ce in ka same shi da Larabci ko Turanci. Mai karatu a Zinder ko Maraɗi ya sayi na asali. Hikayat Zahra na Hanan al-Shaykh, 1980, da Larabci yake, kuma akwai batsa da cin zarafi a ciki, ba na bai wa yara ba ne. Bab al-Shams na Elias Khoury babban aiki ne, sai dai labarin Falasɗinawa 'yan gudun hijira ne.

Littafin jagoran tafiya shi ya fi saurin tsufa. Duk wanda aka buga tsakanin 1998 da 2019 yana lissafi ne da lira 1,507 a dala ɗaya, farashin da ya rushe gaba ɗaya, sannan fashewar tashar jiragen ruwan Beirut ta 4 ga Agusta 2020 ta lalata unguwanni da otal-otal da ke cikin littafin. Taswirarsa da bayanin Ba'albak da Jubail da kwarin Kadisha suna nan da amfaninsu, farashi da adireshi kuwa sai an sake tabbatarwa. The Hills of Adonis na Colin Thubron, 1968, tafiyar ƙafa ce kafin yaƙi, don jin daɗin karatu ake sayensa.