Na yi ta farautar bairos, ashe faifan ajiya ne ke shirin mutuwa

Laftof ɗin gidanmu ta hannu ce. Ni ina haɗa jarrabawar ɗalibai a cikinta, uwargida na lissafin cinikin atamfofinta, yara kuma da mun juya baya sai wasanni. Bayan ƙaramar Sallah ta fara nauyi. Ka danna folda, ka je ka yi alwala ka dawo, ba ta buɗe ba.

Duk wanda na tambaya sai ya ce bairos ne. Ban musa ba, don filashina babu shagon kwafin da bai shiga ba daga Kabuga zuwa Ƙofar Famfo a nan Kano. Na sa aka ɗora mini antibairos har biyu, ɗaya ma mai lasisin sata, Allah ya yafe mana. Sai suka zama kishiyoyi a ɗaki guda, kowanne na sa wa ɗan'uwansa ido, kwamfutar ta ƙara cushewa.

Wani dare aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, gida ya yi tsit. A nan na ji ƙas, ƙas, ƙas daga ƙarƙashin madannai, kamar gara na cin azara.

Washegari na kai ta wurin wani mai gyara a Beirut Road. Bai ko kunna ta ba ya ce, "Malam, takardunka akwai kwafinsu a wani wuri?" Na ce babu. Ya girgiza kai, ya jawo mini benci.

Manhajar da ya buɗe ita ta sa na yi wannan rubutun: CrystalDiskInfo. Kyauta ce, wani ɗan Japan ya ƙirƙire ta, ba ta da nauyi. Had-dis, wato faifan ajiyar kwamfuta, yana ajiye rahoton lafiyar kansa da ake kira SMART, ita kuwa karanta shi kawai take yi. Shuɗi lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja an kusa jana'iza. Nawa rawaya ne, saboda wuraren da suka lalace a jikin faifan sun fara taruwa. Lambobin da ke ƙasa sai masu sana'ar, amma launin ko ɗan firamare zai gane. Ba ta gyara komai, faɗa maka gaskiya kawai take yi.

Na ce a yi fomat mana, wato a goge faifan a sake shi sabo. Ya ce faifan nan juyawa yake sau 5,400 a minti, da wata allura tana shawagi a kansa, kuma ƙarar da na ji allurar ce ke neman hanya. Fomat ba ya warkar da ƙarfe. Ko chkdsk, manhajar Windows mai binciken faifai, bai yarda a gudanar ba sai an kwashe kaya, don dogon bincike kan ƙarasa faifan da ke gargara. Muka fara da lissafin uwargida. Hotunan sunan autarmu kuwa kusan rabi sun ƙi fitowa, kuma har yau ana yi mini gori.

Ya sa mini sabon nau'in ma'ajiya da ake kira SSD, mai gigabait 256, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa. Yanzu kafin in gyara zama ta gama tashi.

Antibairos biyun nan duk an cire su. Na koma Microsoft Defender, antibairos ɗin da ke zuwa cikin Windows, kuma wata biyar ke nan ba ni da ƙorafi. Ya kama bairos ɗin nan mai mayar da foldoji shotkot a filashin wani abokin aikina. Sharaɗinsa ɗaya: ka ba shi data ya sabunta kansa, ni duk Juma'a nake jona shi da wayata. Ga kwamfutar gida ban ga dalilin biyan kuɗin shekara ba. Abin da ya fi damuna shi ne Windows 10 nake kai, kuma tallafinsa ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025.

Tsohon faifan na nan cikin durowa, naɗe a leda. Mai gyaran ya ce akwai masu na'urar da za su iya ciro sauran hotunan, amma kuɗin ya fi na ragon sunan.