Wane Kundin OutKast Ya Fi Dacewa a Fara Saya?

Duk mai son gambarar zamani wadda ta sha ruwan kiɗan funk, wato kiɗan nan na baƙaƙen Amurka mai nauyin jitar bes da amon ƙaho, da wuya ya tsallake OutKast, ƙungiyar André 3000 da Big Boi, mawaƙa biyu daga birnin Atlanta na jihar Jojiya. Matsalar mai saye ita ce kundayensu ba su yi kama da juna ba, kuma wanda ya fi suna ba lallai ne ya zama wanda zai biya masa buƙata ba.

Na farkonsu, Southernplayalisticadillacmuzik, ya fito a 1994 a kamfanin LaFace, kuma ƙungiyar masu tsara kiɗa ta Organized Noize ce ta tsara kiɗansa da kayan kiɗa na hannu, cikin sanyi da natsuwa. Shi ne ya kai su ga lambar yabo ta sabuwar ƙungiyar gambara mafi fice a bikin mujallar The Source na 1995 a New York, inda 'yan kallo suka yi musu ihun raini saboda daga kudu suka fito. Kundi ne mai daɗi, amma a lokacin ba su gama samun muryarsu ba, don haka ya fi dacewa da wanda ya riga ya san su. ATLiens na 1996 kuwa ya fi karkata ga tunani da kaɗaici, funk ɗinsa kaɗan ne.

Ainihin zaɓin yana tsakanin Aquemini na 1998 da Stankonia na 2000. An haɗa sunan Aquemini ne daga taurarin haihuwar mawaƙan biyu, kuma a nan ne dangantakarsu da funk ta fito fili, domin George Clinton da kansa, jagoran ƙungiyoyin funk na Parliament da Funkadelic, ya sa murya a waƙar "Synthesizer". Akwai kuma waƙar da ta haura minti 7 wadda ƙaho ke jan ragamarta, mawaƙan suna ba da labari da magana maimakon rerawa. The Source ta ba kundin makirufo 5, wato maki mafi girma a ma'auninta, wanda ba kasafai take bayarwa ba, ya kuma kai matsayi na 2 a jadawalin Billboard na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka. Sai dai bai tsira daga rigima ba, tunda Rosa Parks, gwarzuwar fafutukar 'yancin baƙar fata, ta kai ƙara a 1999 kan sanya sunanta a wata waƙa, ba a kuma sasanta ba sai a 2005. Kundi ne mai buƙatar haƙuri da kunnen basira; wanda ke neman abin da zai kama shi nan take zai ga kamar yana jan ƙafa.

Stankonia akasin haka ne: gudu, hayaniya, da cakuɗa salo iri-iri, daga jitar lantarki zuwa waƙar majami'a. A cikinsa ne waƙar "Ms. Jackson" take, wadda ta hau matsayi na 1 a Amurka a 2001, kuma kundin ya ci kyautar Grammy ta kundin gambara mafi kyau a 2002, bayan ya zo na farko a ƙuri'ar masu sharhi ta jaridar Village Voice. Aibinsa a wajena shi ne yawan gajerun barkwancin da aka cusa tsakanin waƙoƙi, waɗanda ke gundurar mutum tun daga sauraro na uku.

Mutane da yawa kan fara da Speakerboxxx/The Love Below na 2003 saboda waƙar "Hey Ya!" da kuma kyautar Grammy ta kundin shekara da ya ci a 2004. Amma a gaskiya kundaye biyu ne na mutum ɗaiɗai da aka haɗa a kwali guda, kowa da faifansa, saboda haka mai saye ba zai ji musayar baitin da ta sa ƙungiyar ta yi fice ba sai jefi-jefi.

Shawarata ita ce mai neman funk tsantsa ya fara da Aquemini, mai son kiɗan da zai motsa shi a mota kuma ya ɗauki Stankonia. Game da nau'in faifai, na CD ya fi araha da sauƙin ajiya, shi kuwa faifan garmaho yana da tsada, zafi kuma yana lanƙwasa shi. Kafin a biya kuɗi, yana da kyau a saurari kundin a Spotify ko Apple Music, a kuma duba bangon: yawancin bugun na ɗauke da tambarin gargaɗi ga iyaye saboda kalaman batsa da ashar, kuma wanda zai saurara a gaban iyali sai ya nemi bugun da aka tace.