Ɗaukar mai barkwanci a bikin Gusau: abin da ake biya da abin da ake samu

A Gusau yanzu, da zarar an sa ranar dina ko walimar kammala karatu, sai ka ji ana tambayar wanda zai riƙe makirufo. Masu wannan hidima suna tallata kansu a Facebook da TikTok, kuma yawanci iri uku suke sayarwa: gabatar da taro kawai, gabatarwa haɗe da barkwancin tsaye, ko gajeren wasan kwaikwayo na mutum uku zuwa huɗu. Na biyun aka fi nema, shi ne kuma ya fi ba masu biki kunya idan bai yi ba, don haka a kansa zan tsaya.

A ganina hidimar ta cancanci kuɗinta, amma da sharaɗin an ɗauko wanda ya saba tsayawa gaban jama'a. Matsalar ita ce farashin yana bin shaharar fuska ne, ba ƙwarewar dandali ba. Wanda ya fito a shirin barkwanci mai dogon zango, irin waɗanda ake nunawa a Arewa24 ko YouTube, shi ya fi tsada, alhali aikin biyu ba ɗaya ba ne. A gaban kyamara akwai marubucin da ya tsara magana, akwai abokin wasa da ke miƙo masa zance, akwai darakta da zai ce a sake, sannan mai tace hoto ya yanke duk inda ya yi sanyi. A zauren biki babu ko ɗaya daga cikinsu. Mutum ɗaya ne da makirufo, ga mutane ɗari biyu ko uku, rabinsu hankalinsu na kan abinci. Sau da yawa ɗan wasan da bidiyonsa na minti ɗaya ke sa mutum ya riƙe ciki, in ya kai minti biyar a tsaye sai ya koma maimaita kalmar da aka san shi da ita.

Ba yau aka fara wannan sana'a ba. 'Yan kama, masu juya waƙoƙin yabo su mayar da su na tuwo da miya, da 'yan gambara, da wawan sarki, duk a gaban idon jama'a suka koyi aikinsu, inda rashin dariya ke nufin rashin kuɗi nan take. Daga baya aka samu irin su Usman Baba Pategi, wato Samanja, a rediyo da talabijin na Kaduna, sai Rabilu Musa Ibro wanda ya rasu a Disambar 2014, wanda har yanzu da shi ake auna duk wani mai ban dariya a Kannywood. Matasan yanzu da yawa ta waya suka shigo. Wannan ba laifi ba ne, sai dai mai biki ya nemi a turo masa bidiyon taro na gaske, na aƙalla minti goma, wanda ba a yanke ba. Ya saurari jama'ar da ke wurin, ba shi mai maganar ba.

Inda masu hidimar na gida suka yi fice shi ne sanin mutane. Wanda ya tashi a Tudun Wada ko Sabon Gari ya san wasan da ke tsakanin taubasai, da na jika da kaka, da na Fulani da Barebari, da na Gobirawa da Yarbawa, ya kuma san wanda ba a taɓawa. Zai tsokani abokan ango har su rasa ta cewa, amma in ya zo kan surukai sai ya rusuna ya ce "Baba, Allah ya ƙara girma," ya wuce. Baƙon da aka ɗauko daga nesa yakan faɗa rami biyu. Na farko, kwaikwayon karin harshen Zamfarawa don a yi dariya, abin da ke karɓuwa a wani gari amma a nan ana jin sa kamar raini. Na biyu ya fi muni: barkwanci a kan 'yan bindiga da kuɗin fansa. A zaure ɗaya a Gusau da wuya a rasa wanda abin ya shafi danginsa. Ya kamata a faɗa masa tun kafin ya hau mota cewa wannan babu shi. Haka nan maganar batsa da siffanta jikin mata. Jihar Zamfara tana kan tsarin shari'a tun 1999, akwai Hisbah, kuma ko ba don su ba iyaye mata suna zaune.

Raunin hidimar da ya fi yawa ba daga bakin mai barkwancin yake ba, daga kayan sauti ne. Yawancinsu ba sa zuwa da nasu, suna dogara da na mai kiɗa, shi kuwa ya saita na'urarsa ne don waƙa. Amon da ake ƙara wa muryar mawaƙi yana cinye ƙarshen jimla, a barkwanci kuma ƙarshen jimla shi ne komai. A kashe amon baki ɗaya, a rage ƙarar ƙasa, wato kaurin sauti. Lasifika su kasance gaban mai magana suna fuskantar jama'a, domin in ya shiga gabansu da makirufo za su yi wannan kukan mai huda kunne. A tanadi makirufo mara waya guda biyu, kowanne da sabon batir, da wani mai waya a ajiye. In da hali kada a haɗa kayan sauti da firji ko na'urar sanyaya ɗaki a kan ƙaramin janareto ɗaya, don duk lokacin da suka ja wuta murya za ta karye. Gwajin minti ashirin kafin baƙi su iso yana maganin mafi yawan wannan.

Lokaci ma haka. Fitowa biyu ta minti goma sha biyu zuwa sha biyar ta fi fitowa ɗaya ta rabin awa. Ta farko bayan amarya da ango sun zauna, ta biyu bayan an kwashe kwanuka. Kada a sa shi daidai lokacin rabon abinci, kada kuma a sa shi dab da kiran salla. Liƙi yana kashe labari a tsakiya, saboda haka a ajiye faranti a gefe a bari sai ya gama. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ma ta hana watsa naira a wurin biki, hukuncinta ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun.

Wajen ciniki, abin da ke hana rigima shi ne a rubuta komai, ko da a saƙon WhatsApp ne: rana, lokacin isowa, yawan fitowa, wa zai biya mota da masauki, da ko an yarda ya ɗauki bidiyo ya sa a shafinsa. Wannan na ƙarshen ana mantawa da shi, sai amarya ta wayi gari ta ga fuskarta tana yawo. Rabin kuɗi kafin alƙalami, rabi bayan an tashi, ya wadatar. Wanda zai taho daga Kano ko Kaduna ta hanyar Funtuwa da Tsafe, a lissafa masa kwana, ya iso da rana ya koma da safe, kada a sa shi tafiyar dare. Sannan a ba shi takarda kwana biyu kafin bikin, mai ɗauke da sunayen manyan baƙi da sarautunsu, da abubuwa biyu ko uku game da ango waɗanda abokansa suka yarda a faɗa.

Ga taron da bai wuce mutum ɗari uku ba, na fi ba da shawarar ɗan gida mai bidiyon dandali mai kyau, a sa rarar kuɗin a kayan sauti. Fitaccen ɗan wasan talabijin ya dace da babban taro inda ake son baƙi su ɗauki hoto da shi, amma a haɗa shi da mai gabatarwa na gida wanda zai riƙe jadawali, shi kuma a bar masa minti goma sha biyar ɗinsa kawai.