Rahoton rabon kuɗin FAAC na Hukumar Ƙididdiga: alƙaluma sun cika, bayani ya yi ƙaranci

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, tana wallafa rahoton abin da kwamitin rabon kuɗin tarayya, FAAC, ya raba daga asusun tarayya kowane wata. Kyauta ake saukewa a shafinta na intanet, kuma alƙaluman daga ofishin Akanta Janar na Tarayya suke fitowa. Duk mai son sanin kason jiharsa ko ƙaramar hukumarsa ba tare da jita-jita ba, nan ya kamata ya fara. Jihohi 36 da Abuja da ƙananan hukumomi 774 kowa da layinsa.

Wanda zai yi lissafi ya sauke fayil ɗin Excel, domin na PDF don karatu kawai yake. Abu na farko da ke ruɗa mutane shi ne wata: kuɗin da aka raba a Maris, alal misali, a Fabrairu aka tara su. Na biyu, jiha tana da jimilla iri biyu, ta kafin cire bashi da ta bayan cirewa. A tsakaninsu akwai ginshiƙan bashin waje da sauran abin da ake zarewa tun daga tushe. Jihar da ta ci bashi da yawa za ka ga kasonta a takarda da kauri, abin da ya shiga hannunta kuwa ya zabge. Kwatanta jihohi da jimillar farko kuskure ne, kuma ana yawan yin sa.

Inda rahoton ya gaza shi ne ba ya gaya wa mai karatu asalin ginshiƙan, alhali kowanne sakamakon doguwar taƙaddama ne. Ɗauki kashi 13 cikin ɗari na jihohi masu arzikin mai. Kwamitin Raisman na 1958 ya ba yankin da aka haƙo ma'adini kashi 50, gwamnatin tarayya 20, sauran 30 kuma a zuba a asusun da yankuna ke rabawa. Gwamnatocin soja suka yi ta rage shi: 45 a 1970, 20 a 1975. A shekarun 1980 ya sauka har kashi ɗaya da rabi, ya koma 3 a 1992. Sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ne ya ce kada ya gaza 13. Daga baya rigima ta koma kan man da ke cikin teku, Kotun Ƙoli ta yi hukunci a 2002, sannan dokar 2004 ta ce rijiyoyin da ke cikin ruwan da bai wuce zurfin mita 200 ba na jihar da ke gaɓar ne wajen wannan lissafi. Ana cire kason ne daga kuɗin ma'adinai kafin a fara babban rabo, shi ya sa Delta da Akwa Ibom da Ribas da Bayelsa ke yi wa sauran fintinkau. Wanda bai san haka ba zai ɗauka an yi son kai a lissafin watan.

Babban rabon kuwa: tarayya 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. A tsakanin jihohi, kashi 40 ana raba shi daidai wa daida, 30 bisa yawan jama'a, sai goma-goma ga faɗin ƙasa da yanayinta, bukatun ci gaban al'umma, da ƙoƙarin tara kuɗin shiga na cikin gida. Hukumar tattara kuɗin shiga da tsara rabonsu, RMAFC, ce ke kula da waɗannan ma'aunai, kuma ƙidayar jama'a ta ƙarshe ta 2006 ce. Shafi guda na bayani da zai wadatar, amma sai mutum ya nemo shi a wani wuri. Harajin VAT, wanda ake ɗorawa kan sayen kaya da ayyuka, da nasa tsarin daban: shekara da shekaru 15 ga tarayya, 50 ga jihohi, 35 ga ƙananan hukumomi, har sabuwar dokar haraji ta 2025 ta mayar da kason tarayya 10, na jihohi 55. Mai jera alƙaluman shekaru ya lura da wannan sauyi.

Teburin ƙananan hukumomi shi ne mafi amfani, kuma shi ke bukatar taka-tsantsan. Yana nuna abin da aka ware ne, ba abin da ya isa sakatariya ba. Tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, ta nan kuɗin ke bi. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan su kai tsaye, sai dai rahoton ba hujja ba ne cewa an yi hakan. Ɗan jarida ko kansila da ke bin sawun kuɗi dole ya haɗa da bayanan kashe kuɗi na jiha da rahoton mai binciken kuɗi.

Da Turanci kaɗai ake fitar da shi, kuma yakan zo bayan jaridu sun riga sun buga jimillar watan, don haka ba na mai neman labari da ɗumi-ɗuminsa ba ne. Ga ɗalibi, ɗan majalisa, ko ƙungiyar da ke sa ido kan kasafi, ya cancanci a sauke shi duk wata a adana, a kuma rubuta watan tarawa da watan rabo a sunan kowane fayil.