Medicaid: inshorar masu ƙaramin ƙarfi a Amurka, amfaninta da wahalar riƙe ta

A Amurka kwana biyu a gadon asibiti na iya jefa iyali cikin bashin da za su yi shekaru suna biya, kuma wannan ne ya sa nake ganin shirin Medicaid ya cancanci a duba shi da idon basira. Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa hannu a dokar da ta kafa shi a 1965 tare da Medicare, kuma har yau mutane na rikita su. Medicare na waɗanda suka kai shekara 65 ne da wasu masu nakasa, shi kuwa Medicaid kuɗin shigar gida yake dubawa.

Ta fuskar abin da mutum ke samu idan ya shiga, shirin ya cancanci yabo. Yana biyan kuɗin ganin likita, kwanciya a asibiti, gwajin jini da ɗaukar hoto, har ma da motar da za ta kai mara lafiya asibiti idan ba shi da abin hawa. Abin da ake karɓa daga aljihun mutum kaɗan ne ƙwarai, sau da yawa ma babu. Yara su ne suka fi morewa, domin doka ta wajabta wa kowace jiha ta kula da haƙori, ido da kunnen duk wanda ke cikin shirin da bai kai shekara 21 ba. Kusan haihuwa 4 cikin 10 a ƙasar Medicaid ne ke biya. Wani abin da ya burge ni shi ne babu lokacin rufe rajista: ranar da aiki ya ƙare wa magidanci, a ranar zai iya cika fom, kuma a ƙa'ida jiha za ta ba shi amsa cikin kwana 45.

Matsala ta farko ita ce gwamnatin tarayya da jihohi ne ke haɗa kuɗin, amma kowace jiha ke tafiyar da nata, har da sunanta daban, kamar Medi-Cal a Kalifoniya. Dokar lafiya ta Shugaba Obama ta 2010 ta buɗe ƙofa ga manya masu samun har kashi 138 cikin 100 na ma'aunin talauci (wato adadin kuɗin shigar da gwamnatin tarayya ke ɗaukar wanda bai kai shi ba a matsayin matalauci), sai Kotun Ƙoli ta yanke a 2012 cewa ba za a tilasta wa jihohi ba. Saboda haka a jiha irin Tekzas, wadda ba ta karɓi faɗaɗawar ba, babban mutum mara nakasa kuma mara 'ya'ya ba zai samu ba komai talaucinsa. Haka kuma ba kowane likita ke karɓar katin ba, domin abin da ake biyansu bai kai na inshorar kamfanoni ba.

Sai dai abin da ya fi damuna shi ne sabuntawa. Duk wata 12 ana sake tantance mutum, kuma yawanci wasiƙa ce ake aikowa. Idan iyali sun sauya gida, ko ambulan ta shige cikin tarin takardun talla a kan tebur, uwa ba za ta san an cire ta ba sai ta tsaya gaban mai ba da magani ya duba kwamfuta ya ce katin ba ya aiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bayan an janye kariyar lokacin korona, wadda ta hana jihohi cire mutane daga shirin, a Afrilun 2023, an cire fiye da mutum miliyan 20, kuma mafi yawansu saboda takardu ne, ba don an tabbatar sun wadata ba. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 za ta ƙara nauyin, domin daga 2027 manya da yawa sai sun nuna shaidar aiki ko makamancinsa na awa 80 a wata.

Shawarata ga wanda ya cancanta ita ce ya nema ba tare da jin kunya ba, ya adana takardun albashinsa, ya sanar da ofishin jiharsa duk sauyin adireshi. Idan kuma an cire shi don bai mayar da fom ba, yawanci yana da kwana 90 ya kai takardun a sake duba lamarinsa ba sai ya faro daga tushe ba.