Ƙotar Asali Ko Wadda Aka Sassaƙe: Abin Dubawa Kafin Sayen Tsohuwar Lee-Enfield

A kasuwannin masu tara tsofaffin bindigogin soja a Amurka da Kanada, katakon bindiga yakan yanke farashi kafin a kai ga duba ƙarfenta. Lee-Enfield samfuri na 4, wadda sojan Birtaniya ya karɓa a 1941, kuma irin bindigar da dakarunmu na Afirka ta Yamma suka riƙe a yaƙin Bama, ita ce misali mafi kusa, domin bayan Yaƙin Duniya na Biyu an sayar da rararta da arha, mafarauta kuma suka yi ta datse katakon gabanta don ta yi sauƙin ɗauka a daji.

Wadda ta fi daraja ita ce wadda ba a taɓa ba. Ƙotarta takan yi duhu saboda man da ta sha shekara da shekaru, tana da tabo da ƙwarzane, amma hatiman masu duba makamai suna nan, kuma a kan da yawa daga cikinsu lambar da ke ƙarƙashin katakon gaba ta dace da ta jikin ƙarfe. Wannan tabon ne mai saye yake biya wa kuɗi. Abin da ya fi damuna shi ne bindigar da aka goge da samfefa aka shafa mata fenti mai sheƙi da niyyar gyara, domin gogewar takan cinye hatiman, ta daƙushe gefunan katakon, har ya koma ƙasa da ƙarfen da ya kamata ya yi daidai da shi. Duk wanda ya ga haka, ya rage tayinsa komai kyawun da ta yi wa ido.

Gyaran da ma'ajiyar makamai ta soja ta yi daban yake. Bindigar da aka buga wa haruffan FTR an sake mata kayan da suka lalace ne a masana'anta, don haka sabon katakonta yana cikin tarihinta, kuma farashinta bai cika faɗuwa sosai ba.

Wadda aka datse kuwa, sai an duba iyakar ɓarnar. Idan katako kaɗai aka yanke, ana iya samo tsohon katako da zobban ƙarfe a mayar mata da kamanninta, ko da yake kuɗin kayan kan cinye ribar, lambobin kuma ba za su dace ba. Idan an rage tsawon bututun, ko an huda jikin ƙarfe don ɗaura madubin hangen nesa, darajarta ta tarihi ta tafi ke nan, sai dai a saye ta a farashin bindigar farauta. Saboda haka, kafin ciniki, a nemi mai sayarwa ya nuna hoton ƙasan katakon gaba da gefen hagu na ƙarfen, inda ramukan da aka toshe suke ɓuya.