Ma'aunin kabon na Mastercard: kuɗi yake aunawa, ba kaya ba

Tun 2021 Mastercard, kamfanin katin biyan kuɗi, ke ba bankuna wani ma'auni da suke sakawa cikin manhajarsu, wanda ke nuna wa mai kati yawan hayaƙin kabon (iskar da ke ɗumama duniya) da sayayyarsa ta jawo. Kamfanin Doconomy na ƙasar Suwidin ne ya tsara lissafin, bisa jadawalinsa mai suna Åland Index. Babu abin da za ka sauke a waya. Muddin bankinka ya karɓi tsarin, za ka ga kilo nawa na hayaƙi aka ƙiyasta maka.

Lissafin ba shi da wuya. Duk ɗan kasuwar da ke karɓar kati yana da lambar rukuni mai alƙalumma huɗu: 5411 kantin kayan abinci, 5541 gidan mai, 5812 gidan cin abinci. Manhajar kan ɗauki kuɗin da ka biya, ta ninka shi da matsakaicin hayaƙin da kowace dala ke jawowa a wannan rukunin. Iyakar abin da ta sani ke nan. Rasit ɗinka ba ya isa gare ta.

A nan gizo ke saƙa. Mutum biyu sun kashe dala 50 a kanti ɗaya, wannan ya kwashi naman shanu, wancan wake da ganye. Hayaƙin da samar da kilo ɗaya na naman shanu ke jawowa ya ninka na wake fiye da sau goma, amma ma'aunin zai ba su sakamako ɗaya, tun da lambar kantin ɗaya ce. Wanda ya sayi riga mai tsada da za ta yi shekara goma kuwa, sai ya fito da laifi fiye da wanda ya sayi uku masu araha da za su yage kafin shekara. Rangwame yana rage maka hayaƙi a allo alhali kayan ba su canza ba, hauhawar farashi kuma yana ƙara maka ko da ba ka ƙara ko cokali ba. Babban kantin da ke sayar da komai, daga sabulu har talabijin, lamba ɗaya tak gare shi. Abin da ka saya da tsabar kuɗi ko da katin wani banki ba ya shiga lissafi sam.

A man mota ma'aunin ya fi kusantar gaskiya, domin abu ɗaya ake sayarwa. Ko nan ma gara ka lissafa da kanka: litar fetur tana fitar da kusan kilo 2.3 idan ta ƙone, dizal kusan 2.7. Lita 40 na fetur kilo 92 ke nan, ko farashi ya hau ko ya sauka. Kada ka manta, ruwan sha da ka saya a shagon gidan man ana iya lissafa shi a matsayin fetur.

Ma'aunin yakan kuma juya kilon zuwa adadin itatuwan da za su shanye shi, ya nuna maka inda za ka ba da gudummawar dashe. Wannan ɓangaren bai burge mu ba. Itacen da aka dasa yau sai ya yi shekaru kafin ya shanye hayaƙin jiya.

Duk da haka, ma'aunin yana da amfani ga mai son ganin rukunin da ya fi nauyi a rayuwarsa, sufuri ne ko wuta ko abinci. A duba jimillar wata shida zuwa shekara, a bar kwatanta sayayya ɗaya da wata. Mai son sanin ko sauya abinci ya rage masa hayaƙi, ya nemi ma'aunin da ke tambayar kilo, lita da nisan tafiya.